Wasulan Yaya Halo

Yayata ta yi shekara arba'in tana gyara wa mutane baki, kuma har yau ban ga wanda ya roƙe ta ba. Ba likitar haƙori ba ce. Aikin da ta ɗora wa kanta shi ne ta tsayar da mutum yana tsakiyar magana, ta sanar da shi cewa wasalin da ya ja a Turanci gajere ne, wanda ya datse kuma dogo ne. Mu 'yan gida mun saba, yadda ake sabawa da ƙofa mai ƙara. Baƙi ne suke shan mamaki. Ni ce autar gidanmu, shekara huɗu ce tsakanina da ita, tela ce ni, kuma ba wanda ya kai ni daɗewa a hannunta.

Yaya Halo muke ce mata, saboda aikinta na albashi na farko, wanda shi ne kuma na ƙarshe. Tana da shekara goma sha tara aka ɗauke ta a masaƙar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a matsayin mai haɗa waya. A lokacin layi biyu ne kacal suke shiga kamfanin. In an bugo, ita za ta ɗauka, ta ji wanda ake nema, ta soka igiya a ramin ofishinsa. Ɗakin aikinta yana ƙarƙashin matakalar bene, ba taga, sai wata fanka da ke wuni tana juya kai kamar an tambaye ta abu tana cewa a'a. Gabanta allon katako ne mai ramuka talatin da 'yan fitilu, a kanta abin saurare da take saƙalawa a kunnen hagu, a gefenta ɗan littafin rubuta saƙo. Kalmar farko da take faɗa da safe halo ce, ta ƙarshe da yamma ma ita ce. Har a gida in an yi sallama takan manta ta amsa da ita.

Turancinta a lokacin na ido ne. Ta iya rubutu, ta ci jarrabawa da maki mai kyau, amma malamanmu duk wasali ɗaya suke da shi, da shi suke wa kowace kalma hidima. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai wata matsala, mu ma ba mu nema ba.

A shekararta ta farko ruwan sama ya fasa rufin siton masaƙar. Aka kwashe dilolin yadi aka kai gida mai lamba huɗu, cikin gidajen manyan ma'aikata, wanda babu kowa a ciki. Aka ce mai kula da sito ya tare can ya lura da kaya kafin a gyara rufin. Mai Sito dogon mutum ne mara magana, makullai a ƙugu, biro a aljihu, irin mutanen da za ka yi wata guda kuna aiki tare ba ka san muryarsu ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa tsakanin diloli, a gidan da ke da ɗaki uku, famfo a ciki, da bishiyar lemo a tsakar gida. Bayan wata biyu aka gyara rufi, aka mayar da kaya.

Ranar nan Baturen babban ofis ya bugo waya daga wani gari, manajan masaƙa ba ya nan. Layin yana ƙara kamar ana suya, Baturen kuma ta hanci yake magana. Ya ce a bar wa manaja saƙo game da Mai Sito da gida mai lamba huɗu. Abin da ya faɗa shi ne he can leave there now, wato yanzu zai iya barin wurin. Abin da Yaya ta rubuta, da kyakkyawan rubutunta mai kwanciya dama, shi ne he can live there now, wato yanzu zai iya zama a wurin. Manaja ya dawo, ya karanta, ya yi mamakin karamcin Bature, ya sa hannu.

Mai Sito ya zo har ƙarƙashin matakala ya yi wa wadda ta kawo labarin alheri godiya. Washegari ya dawo ya ƙara godiya, ko da ta farkon ba ta isa ba. A mako na uku ya zo da agogon bango. Babanmu ya bincika, ya ji mutum ne mai aiki, ba ya shaye-shaye, kuma kamfani ya yarda da shi har ya ba shi gidan manya. Kafin shekara ta zagayo Yaya ta tare a gida mai lamba huɗu, ta sa labule, ta shuka albasa a gindin lemo, tana kallon matan ƙananan ma'aikata da tausayi in sun wuce da bokiti.

Shekara biyu suka yi a haka. Sai aka turo sabon injiniya da iyalinsa, da takarda a hannu mai cewa gida mai lamba huɗu nasa ne, tunda a littafin babban ofis babu kowa a ciki tun bayan gyaran rufi. Ya isa ya tarar da shanyar kayan jariri a igiya. Aka tono tsohon littafin saƙo. Baturen da kansa ya zo, aka kira Yaya ofishin manaja, akawu uku suna tsaye a bakin ƙofa, kowanne da fayil a hannu don a ce aiki ya kawo shi.

Baturen bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya faɗi kalmomin nan biyu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sannan manaja ya tambaye ta wacce ce barin wuri, wacce ce zama.

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, "ai abu ɗaya ya faɗa sau biyu."

Akawun nan suka rufe baki da fayil. Kafin a tashi aiki labarin ya kai har wurin masu rini. An ba su mako biyu su tashi. Saƙon da ta rubuta ba daidai ba ya zo ya cika a kanta, da goyo a baya, tana naɗe labule. Suka koma ɗaki da falo a bayan kasuwar katako, inda famfo ɗaya ne na gida tara. Mai Sito abin da ya ce kawai shi ne, shekara biyu da ruwa a cikin ɗaki ba asara ba ce, kuma in da ta ji daidai da har yanzu shi tuzuru ne. Yaya ba ta ga abin dariya ba. Har gobe ba ta gani ba.

Ba a kore ta ba, don ba wanda ya san kan igiyoyin nan kamarta. A maimakon haka Baturen ya aiko mata da kwali: kaset shida, littafi ɗaya, da ɗan madubi na duba baki. Na tabbata ya ɗauka alheri ya yi. Da ya san abin da ya jawo wa unguwa guda, da ya kore ta kawai, kowa ya huta.

A lokacin ina koyon ɗinki kusa da gidansu, can nake cin abincin rana, don haka a gabana aka yi. Kasetin muryar wata mata ce mai sanyi, ba ta gajiya, ba ta fushi. Ta ce ship, ta ce sheep, ta yi shiru don a maimaita. Ta ce pull, ta ce pool. Ta ce full, ta ce fool. Yaya tana zaune bakin gado da madubi, tana wage baki kamar mai neman ƙayar kifi a maƙogwaro, tana ja, tana datsewa. Maƙwabciyarsu ta taɓa leƙowa ta tambaya a hankali ko a kira mai magani. Wata uku ba ta jin bambancin komai. Wata ranar Asabar, muna tsintar shinkafa, kaset yana yi, sai ta ajiye tire ta miƙe tsaye. Ta ce ta ji. Ta ce jirgin ruwa daban, tunkiya daban, kuma yaya aka yi duk tsawon rayuwarta tana zuba su a buhu ɗaya? Har da hawayenta. Na taya ta murna da zuciya ɗaya, don ban san abin da ke tafe ba.

Wanda ya warke daga ciwo yakan gode wa Allah ya ci gaba da harkarsa. Yaya da ta warke sai ta lura duk garin majinyata ne. Ni ta fara kamawa. Wata mata 'yar gayu ta zo gwada riga a shagon da nake, tana ta zuba Turanci, ni ma na ce bari in nuna na je makaranta, na ce mata rigar za ta yi fit. Yaya, da ta biyo karɓar ɗinkinta, ta ce daga bakin ƙofa, "Auta, feet kika ce, ƙafafu. Rigar ce za ta yi mata daidai ko ƙafafunta kike sayarwa?" Matar ta yi dariya har da dafa bango. Tun daga ranar in Yaya tana kusa Hausa nake yi tsantsa, ko maballi ban yarda in kira da wani suna ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Ta gyara wa malamin makarantar 'yarta a gaban ɗalibansa. Ta gyara wa mai karanta labarai a rediyo, kullum da ƙarfe bakwai na safe, shi dai bai taɓa sani ba. Ta gyara wa likitan da ya ce mata ta sha pill ɗaya bayan cin abinci, don a kunnenta peel, wato ɓawo, ya ce ta sha. Mutumin ya kalle ta ta saman tabarau ya rubuta mata allura.

Da ta gama da furuci sai ta koma kan rubutu, nan ne ta sami masoyi. Littafin ya nuna mata wani e da ake sawa a ƙarshen kalma, ba a faɗinsa, amma shi ke sa wasalin da ke gabansa ya miƙe ya faɗi sunansa. Hop ya zama hope, tap ya zama tape, cut ya zama cute. Ta sa masa suna e bebe. Ta ce a duk haruffan Turanci shi kaɗai ne mai tarbiyya, yana zaune a baya, bai ce uffan ba, amma shi ke riƙe da gida. Mai Sito, yana gyaran tocila a gefe, ya ce ashe yana da ɗan'uwa a Turanci. Wannan ce doguwar maganar da na ji ya yi a shekarar.

Soyayyar ba ta daɗe ba. Ta ci karo da have, da give, da come, duk da e beben a baya, amma wasalinsu gajere, ko kunya babu. Abin da ya fi ƙona mata rai, live ɗin da ya fitar da ita daga gidan famfo shi ma yana cikinsu, kuma wani lokacin ma ya sauya murya gaba ɗaya in ana maganar abu mai rai. Ta ga boot dogo, book gajere, blood kuma ya kama gabansa, alhali duk o biyu ne. Ta ga bead, ta ga head, ta ga steak, duk ea ne amma kowanne da muryarsa. Sai ta juya tsohuwar kalanda, ta rataye a bayan ƙofa, ta rubuta Munafukai a sama da jan biro, duk wanda ta kama ta jera shi a ƙasa. Da kalanda ta cika ta liƙa wata. Ta kuma rubuta wa masu kasetin wasiƙa mai shafi huɗu tana neman bayani, da shawarar yadda za su gyara harshensu. Amsar tana hanya, in ji ta, shekara talatin da takwas ke nan.

A wurin aiki dai ba a sake kama ta da kuskure ba. Saƙonta in ya fito, ko alƙali ba zai sami abin cirewa ba. Sai dai masu bugo waya sun koyi haƙuri, don ba a haɗa ka da kowa sai ka faɗi abin da kake so daidai. Dillalan auduga suka gane hanya, suka koma yi mata Hausa.

Tana da shekara hamsin da ɗaya masaƙa ta sayo na'urar da ke amsa waya da kanta. Injiniyan da ya zo kafawa ya ce ana buƙatar muryar mace da za a ɗauka, ta riƙa ce wa mutane su ɗan jira. Sabon manaja, don ya sanyaya mata zuciya, ya ce a ɗauki ta Yaya. Ta ɗinka sabuwar riga a wurina saboda ranar, ko da yake na gaya mata na'urar ba ta da ido. Jimla ɗaya ce, mai farawa da please ta ƙare da soon. Sau ashirin da bakwai aka ɗauka, ba don injiniya bai gamsu ba, shi tun a na biyu ya fara naɗe wayarsa. Ita ce take cewa a sake, wasalin bai kai ba. Wanda ta amince da shi a ƙarshe, please ɗin kaɗai ya isa mutum ya sha ruwa ya dawo.

Mako uku muryarta ta yi tana aiki. Wani dillali ya zo ofis da kansa ya tambaya ko an yi rasuwa a kamfani ne, don ya bugo ya ji mace tana kuka. Wasu suka ɗauka layi ne ya lalace. Aka cire, aka sa muryar sakatariyar manaja, wadda take faɗin kalmar kamar mai korar kyanwa daga kicin. Ba wanda ya sake kawo ƙara. Yaya ta karɓi takardar ritaya da faranti mai tambarin kamfani, ta dawo gida ta kwanta kwana biyar da ciwon da ba shi da suna.

A rana ta shida ta tashi ta kira kafinta. Ya yi mata allo, ta sayo kujerun roba shida, ta ture kujerun falo jikin bango. Sanarwar darasin Turanci ta bakin ƙofa da hannunta ta rubuta, don ba ta yarda da masu fenti ba. Na yi zaton ba wanda zai kai kansa ga wulaƙancin da take yi kyauta a titi, ya kuma biya. Na yi kuskure. Akwai wata nas da ke shirin jarrabawar aiki a ƙasar waje, da direban da ke ɗaukar baƙi daga filin jirgi, da wata Hajiya mai shagon takalma, wadda ke sayo kaya daga waje ta waya. Ita Hajiyar ta gaji ne da masu kamfani suna sa ta maimaita magana. Tana so ta ce dunduniyar takalmi, heel, sai bakinta ya ba ta tudu, hill. Tana so ta ce mai araha, cheap, sai ya fito chip.

Nas da direba sun kama hanya da wuri. Hajiya Mai Takalma kuwa mako uku ana abu ɗaya. Yaya ta zana mata harshe a allo, ta ba ta madubi, ta sa ta riƙe haɓa, ta kunna mata kasetin nan da ya tsufa har muryar matar ta koma ta namiji. Hajiya ta ce wallahi ita abu ɗaya take ji. Yaya, wadda ta taɓa faɗin wannan maganar a gaban akawu uku, ta ce mata wasu kunnuwan don ɗan kunne kawai aka halicce su. Ina wurin, na kawo mata labulen da na yi wa kalmasa. Hajiya ta fara tattara jakarta.

Mai Sito, shi ma ya yi ritaya, yana zaune a lungun falo inda aka ture kujerarsa, da tsohuwar jarida a hannu. Bai ɗago kai ba ya ce, "Hajiya, in na ce zan ba ki duka, sannan na ce zan ba ki duka, ɗaya ne?"

Na farkon ya datse shi, duka na komai da komai. Na biyun ya ja shi, duka na sanda.

"Na farko na karɓa," in ji Hajiya, "na biyu sai dai mu haɗu a kotu."

"To kunnenki lafiya lau. Gari na mutane da gari na kwaɓawa ma haka suke. Ki ja wasalin kalmar dunduniyar nan kamar duka na sanda."

Hajiya ta ja. Ya fito. Ta sake, ya sake fitowa. Ta ajiye jaka ta zauna, tana ta faɗin kalmar tana dariya kamar wadda aka biya wa kujerar jirgi.

Yaya ta ce sam ba haka ba ne. Ta ce a Turanci ba tsawo kaɗai ba ne, harshe ma yana sauka, leɓe yana saki, kuma wanda bai yi wata uku da madubi ba bai kamata ya sa baki a aikin masana ba. Nas ta duba littafinta ta ce gaskiyar Yaya ce, haka aka rubuta. To amma Hajiya ta riga ta ji, kuma daga nan saukar da harshen bai ɗauke ta kwana biyu ba. Abin da ya ci wa Yaya rai shi ne, abin da ta sha wahalar nema a cikin kwalin Bature, ashe yana cikin bakinta tun tana tatata, kuma mutumin da ya gano shi ne wanda ta yi shekara talatin tana ce wa ya yi shiru in tana darasin kaset. Kwana huɗu ba ta yi masa magana ba. Ba na jin ya lura.

Wata na gaba na shiga na tarar ta rubuta duka da duka a saman allo, da dafa na tukunya da dafa na kafaɗa a ƙasa, tana gaya wa sababbin ɗalibai cewa wannan wata hanya ce da ta ƙirƙiro bayan dogon bincike. Na kalli Mai Sito, ya juya shafin jarida. Da hanyar nan ɗalibai suka yi yawa har sai da ta ƙaro kujeru. Nas ta ci jarrabawarta, ta tafi, takan aiko da kati. Shekara shida bayan haka Mai Sito ya rasu, bayan jinyar kwana tara da bai dami kowa da ita ba. Da Yaya ta koma koyarwa, sai na ji labarin ya ɗan sauya, yanzu hanyar tata ce amma marigayi ya ɗan taimaka. Daga bakin Yaya wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Ni har yau ban samu ko rabinsa ba.

Bara ne muka fara lura da wani abu. Ɗalibi zai faɗi kalma daidai, ta ce ya sake. Ya sake, ta ce ya ƙara lalata ta. A buga ƙofa ba ta ji ba, butar shayi ta yi ta fito a kicin tana zaune. Ta ce mutanen yanzu ne suke magana ciki-ciki. 'Yarta ta lallashe ta, ni na yi mata gori, da ƙyar muka kai ta asibitin kunne.

Likitan ya sa ta a wani ɗan ɗaki mai bangon soso, ya ce zai riƙa faɗin kalmomi tana maimaitawa. Ya tambaya da wane harshe za a yi, Hausa ko Turanci. Na runtse ido. Ta ce Turanci mana. Ya faɗi ta farko, ta gyara masa. Ya faɗi ta biyu, ta tambaye shi a ina ya yi karatu. Daga ta biyar ya fara rage murya, sai na ga tana kallon bakinsa ta gilashin tagar ɗakin, tana jira, ba ta san ya riga ya faɗa ba. Hannunta yana kan jaka, tana murza zip. A rayuwata ban taɓa ganin ana Turanci a gaban Yaya ta yi shiru ba, kuma ban ji daɗin da na daɗe ina zaton zan ji ba.

Likita ya ce kunnen hagu ya kusa tafiya, na dama ma ya kama hanya. Ya rubuta mata ɗan abin ji da ake maƙalawa a bayan kunne. 'Yarta ta saya mai kyau. Ranar da aka sa mata, ta fito titi tana murmushi, ta ce har ƙarar takalminta take ji. Muka shiga motar haya, rediyo yana yi, wani ɗan kasuwa yana tallan makarantarsa da Turanci. Murmushin ya ragu. Muka tsaya kantin magani, yarinyar kantin ta yi mata bayani. Muka isa gida, jikokinta suka taho da gudu suna nuna mata abin da aka koya musu a makaranta mai tsada. Ta saurare su har ƙarshe, ba ta gyara wa kowa ba. Da la'asar ta cire abin, ta naɗe shi a hankici, ta sa a durowa.

Na tambaye ta ko yana mata ciwo ne.

"Lafiyarsa ƙalau, Auta," in ji ta. "Ashe shekara uku ke nan ina zaton mutane sun gyaru."

Yanzu tana sa shi ranar Talata da Alhamis, daga ƙarfe huɗu zuwa shida, lokacin darasi. Da ɗalibi na ƙarshe ya fita take cirewa. Sauran kwanakin tana zaune a ƙofar falo cikin kwanciyar hankali, tana gyaɗa kai ga duk abin da aka ce mata, har ta yi ƙiba. Ni ranar Laraba nake zuwa gaishe ta.